Wuƙar Likita Da Ciwon Dajin Huhu: Daga Zamanin Sarki Joji Zuwa Yau

A cikin shekarar 2022 da ta 2023 likitocin fiɗa na Japan da na Amurka sun fitar da sakamakon waɗansu manyan bincike guda biyu a kan ciwon dajin huhu, watau sankarar nan da kan tsiro cikin huhun mutum. Labarin bai yi amo ba, tun da ya ke ba na zaɓe ba ne, ba kuma na yaƙi ba, amma a ganinmu ya isa a tsaya a dube shi. Abin da ya ƙunsa shi ne, wanda aka gano cutar a jikinsa tun tana ƙanƙanuwa ba lalle ne a yanke masa babban rabo na huhunsa ba, ɗan yanki kaɗan ya wadatar. Cutar kuwa ba ƙarama ba ce. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 ta kama mutum kusan miliyan biyu da rabi, ta kashe kamar miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, babu wani ciwon daji da ya kai ta kisa. Domin a gane nisan da aka yi, za mu koma baya shekara saba'in, mu fara da wani majinyaci wanda kakanninmu suka san sunansa da hotonsa a jikin kuɗi.

Ran Lahadi 23 ga watan Satumba 1951 aka yi wa Sarkin Ingila Joji na Shida aiki a ƙirji. Ba a kai shi asibiti ba, asibitin aka kawo masa, aka gyara wani ɗaki a Fadar Bakingham aka mai da shi ɗakin tiyata. Likita Clement Price Thomas na asibitin Westminster shi ya riƙe wuƙa. Tun kafin ranar an zura wa Sarki ɗan bututu ta maƙogwaro, an tsinko ɗan nama an duba, an tabbatar akwai ƙari a huhun hagu. Da aka buɗe shi aka cire huhun nan duka ɗungum. A cikin aikin an rasa wata jijiya mai motsa maƙogwaro, saboda haka muryarsa ta dushe, har jawabinsa na Kirsimatin shekarar sai da aka ɗauke shi kaɗan kaɗan tun da wuri, sa'an nan aka haɗa aka watsa a rediyo. Sarki ya miƙe, ya taka, har ran 31 ga Janairu 1952 ya raka 'yarsa Gimbiya Elizabet filin jirgin sama za ta Kenya. Ran 6 ga Fabrairu aka wayi gari ya rasu cikin barci a gidansa na Sandringham, yana da shekara 56. Likitoci suka ce toshewar jijiyar zuciya ce. Mutum ne mai shan taba ƙwarai tun yana saurayi, taba kuwa ba huhu kaɗai ta ke ci ba, har da hanyoyin jini.

Wannan aiki da aka yi wa Sarki bai fi shekara goma sha takwas da samuwa ba a lokacin. Wanda ya fara cire huhu guda a zama ɗaya saboda ciwon daji, majinyacin kuma ya tashi, shi ne Likita Evarts Graham na birnin St. Louis a Amurka, ran 5 ga Afrilu 1933. Majinyacin shi ma likita ne, sunansa James Gilmore. Graham ya shiga da niyyar yanke sashe ɗaya, da ya buɗe sai ya tarar ƙarin ya zauna a wurin da ba a iya raba shi, ya ɗauke huhun baki ɗaya. Gilmore ya warke, ya koma bakin aikinsa, ya rayu har 1963. Shi kuwa Graham, wanda ya daɗe yana shan taba, a 1950 shi da ɗalibinsa Ernst Wynder suka buga bincike a kan mutum 684 masu cutar, suka nuna kusan dukansu mashaya taba ne. A wannan shekara kuma Richard Doll da Bradford Hill suka nuna haka a Ingila. Graham ya bar taba, amma bari bai zo da wuri ba. Cutar da ya koya wa duniya yadda a ke yanke ta ita ta kashe shi a 1957, kuma da aka gano ta a jikinsa ta riga ta wuce wuƙa.

Sai mu ɗan yi bayanin yadda Allah ya tsara huhu, don sauran maganar duk a kansa ta rataya. Maƙogwaro in ya sauka ƙirji yakan rabu biyu, reshe guda ya nufi dama, guda ya nufi hagu. Huhun dama yana da manyan sassa uku, na hagu biyu, domin ya bar wa zuciya wuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ana fiɗar rago ya ga irin wannan rabuwa da idonsa. Kowane sashe kuma ya kasu yanki yanki, kowane yanki da nasa bututun iska da nasa jijiyoyin jini, kamar gida mai sassa da yawa kowa da ƙofarsa. Yankunan nan goma ne a dama, takwas zuwa goma a hagu. Saboda haka likita yana iya cire huhu guda, ko sashe guda, ko yanki guda, ko ma ya gutsuro ɗan gefe inda ƙarin ya ke. Tarihin aikin nan tun daga 1933 tarihi ne na neman mafi ƙanƙantar abin da za a yanke ba tare da an bar cutar a baya ba.

Da fari ganin likitoci shi ne, mugun abu sai a tumɓuke shi da saiwa, watau a cire huhun duka. Amma abin yana da tsada a jiki. Zuciya ta dama tilas ta tura dukan jini ta huhu ɗaya, numfashi ya ragu, mutum ya hau ɗan tudu ya tsaya yana haki. Har a zamanin nan, a manyan asibitocin Turai, cikin mutum ɗari da aka cire wa huhu guda kamar biyar ba su kan wuce watan farko ba, alhali waɗanda aka cire wa sashe guda ɗaya ne ko biyu cikin ɗari. Tsakanin shekarun 1950 da 1960 aka yi ta gwada sakamako, aka ga in ƙarin bai fita daga sashensa ba, cire sashen kaɗai yana warkarwa daidai da cire huhun. Daga nan cire sashe ya zama shi ne aikin da aka sani, tare da kwashe 'yan ƙwayoyin kaluluwa da ke gindin huhu da tsakiyar ƙirji, domin ta nan cutar kan fara bi in za ta yaɗu. Shi Price Thomas ɗin ma tun 1947 ya nuna wata dabara: in ƙari ya tare bakin bututun iska, sai a yanke guntun bututun tare da sashen da ya lalace, a ɗinke bakin sama da na ƙasa, kamar yadda tela kan rage hannun riga, sauran huhun ya ci gaba da aiki. Dabarar nan ta cece huhun mutane da yawa, har ya zamana yau cire huhu ɗungum sai dole, inda ƙarin ya zauna a gindi ya kama manyan jijiyoyi.

To, me ya hana a rage wuƙar fiye da haka? An gwada. A 1995 wata ƙungiyar likitoci a Amurka ta buga sakamakon gwaji a kan mutum 247, an raba su ta ƙuri'a, waɗansu aka cire musu sashe, waɗansu aka yanke abin da bai kai sashe ba. Waɗanda aka yi wa ƙaramin aiki cutar ta komo musu a wurin har ninki uku. Wannan ya rufe bakin maganar kusan shekara talatin. Ƙaramin aiki ya zama na tsofaffi da masu raunin numfashi waɗanda ba za su jure babba ba.

Abin da ya sake buɗe maganar shi ne na'urar hoto. A da, hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna ƙari sai ya girma. Na'urar siti kuwa, mai ɗaukar jiki falle falle, takan nuna abu ko da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Likitoci suka fara ganin irin ƙarin da magabatansu ba su taɓa samu a kan tebur ba, sai tambayar ta komo. Binciken Japan na 2022 ya ƙunshi mutum 1,106, kowannensu ƙarinsa bai wuce santimita biyu ba, yana can gefen huhu. Bayan shekara biyar, cikin waɗanda aka cire wa yanki kaɗai kashi 94.3 cikin ɗari suna raye, cikin waɗanda aka cire wa sashe kashi 91.1. Na 2023, wanda aka yi a Amurka da Kanada da Ostareliya a kan mutum 697, ya sami kashi 80.3 ga ƙaramin aiki, kashi 78.9 ga babba, watau babu bambancin a zo a gani.

A nan ya kamata mu yi hattara, don mun lura mai ba da labari yakan ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya bar rabi. A binciken Japan ɗin, komowar cutar a inda aka yanke ta ninka ga masu ƙaramin aiki, kashi 10.5 a kan 5.4. Sa'an nan numfashin da aka yi zaton za a tsirar bai kai yadda aka sa rai ba, bambancin bai wuce kashi biyu zuwa uku da rabi cikin ɗari ba. Abin da ya sa duk da haka suka fi tsawon kwana, waɗansu likitoci na ganin wanda aka bar wa huhunsa ya fi jure magani na biyu in wata cuta ta taso masa daga baya. Har wa yau kuma kada a manta da sharuɗɗan: ƙari bai wuce santimita biyu ba, yana gefe, an duba kaluluwa an ga babu kome. Wanda ƙarinsa ya kai girman lemon tsami, wannan labari ba nasa ba ne, nasa aikin yana nan yadda ya ke, cire sashe.

Hanyar shiga ƙirjin ita ma ta sake. A zamanin Sarki Joji tsaga a ke yi doguwa daga baya ta zagayo gefe, a buɗa haƙarƙari da ƙarfe, wani lokaci a cire ƙashi guda. Zafin wannan tsaga yakan daɗe, wani ma har shekaru. Tun farkon shekarun 1990 aka fara aikin ta 'yan ƙananan huji, a zura ɗan madubi mai fitila da dogayen almakashi, likita yana duban allon talabijin yana aiki. Wani gwaji da aka yi a Ingila a kan mutum 503, aka buga a 2022, ya nuna masu aikin huji sun fi ƙarancin zafi, sun fi saurin miƙewa, cutar kuma ba ta fi komo musu ba. Bayan shekarar 2000 aka ƙaro na'ura mai hannuwan ƙarfe wadda likita ke juyawa daga kujera. Tana da kyau a hannun gwani, tana kuma da tsada ƙwarai, amma abin da ta ke cirewa shi ne dai abin da hannu ke cirewa. Mu dai ba mu ga dalilin da zai sa mutum ya sayar da gonarsa don sunan na'ura ba, in akwai ƙwararren da zai yi masa aikin ta hanyar da ya saba.

Duk wannan ci gaba, kashin bayan maganar yana wani wuri dabam. Wuƙa tana maganin abin da ke wuri ɗaya ne. In cutar ta bi jini ta sauka a hanta, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa, ko an cire huhun ba a cire ta ba. Akwai ma wani iri, kamar kashi goma sha biyar cikin ɗari, mai ƙananan ƙwayoyi, wanda saurin yaɗuwarsa ya sa da wuya a yi masa aiki, sai ƙarin ruwan magani da gashi da haske. Ko a Ingila, inda ba a biyan kuɗin asibiti, waɗanda a ke yi wa aiki ba su cika ɗaya cikin biyar na masu cutar ba, sauran ko sun zo a makare ko jikinsu ba zai ɗauka ba. Wanda aka kama tasa a mataki na farko, fiye da rabinsu sukan wuce shekara biyar. Wanda aka kama a mataki na huɗu, kamar biyar cikin ɗari. Dalili kuwa shi ne naman huhu ba ya jin zafi, ƙari yakan yi watanni yana girma mai shi yana harkarsa.

Shi ya sa ƙasashen da ke da hali suka koma neman cutar tun kafin ta yi magana. A 2011 wani gwaji a Amurka a kan mutum 53,454, dukansu tsofaffin mashaya taba, ya nuna yi musu hoton siti kowace shekara ya rage mutuwa da cutar da kashi ashirin cikin ɗari. A watan Yuni 2023 gwamnatin Ingila ta ba da sanarwar za a riƙa kiran masu shekara 55 zuwa 74 waɗanda suka sha taba ana duba su. Irin waɗannan mutane ne a ke samun ƙarin santimita biyu a jikinsu. Ashe ƙaramar wuƙar da mu ke yabo 'yar binciken wuri ce, in babu shi babu ita. Ga waɗanda suka ɗan makara kuma, tun 2022 an amince a Amurka da ba da sababbin magunguna masu ta da garkuwar jiki kafin aiki, don ƙarin ya ragu, wuƙa ta same shi da sauƙi. Wanda kuma zuciyarsa ko numfashinsa ba zai jure tiyata ba, in ƙarin ƙarami ne ana iya ƙone shi da haske mai ƙarfi wanda aka saita a kansa, a zama uku zuwa takwas.

Ina mu a cikin wannan? A ƙasar nan mai tari da rama da kakin jini, abin da kowa zai fara cewa tarin fuka ne, watau tibi, kuma galibi gaskiya ne, domin Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Maganinsa kyauta ne, na wata shida. Haɗarin shi ne alamun cututtukan biyu kusan ɗaya ne, inuwarsu a hoton ƙirji ma takan yi kama. Dattijo mai shekara hamsin da biyar, wanda ya shekara talatin yana zuƙar taba, in aka ɗora shi a kan maganin tibi ba tare da gwajin majina ya nuna ƙwayar ba, ya sha wata shida bai ji sauƙi ba, aka ce a ƙara, to watannin nan su ne watannin da wuƙa za ta yi amfani, sun tafi. Ba mu ce a raina tibi ba. Abin da mu ke cewa shi ne, in gwajin majina bai nuna kome ba, ko an sha magani wata biyu babu canji, ya wajaba a tura mutum babban asibiti a yi masa siti, a tsinko nama a duba. Wannan bai bukaci sabon gini ko na'ura mai hannuwan ƙarfe ba, umarni ne a rubuce ga ƙananan asibitoci da kuma motar da za ta kai majinyaci. Kuma kada wanda bai taɓa shan taba ba ya ce ba ruwansa, cutar takan kama irinsu, har da matan da suka tsufa a bakin murhun itace cikin ɗaki mara taga.

Akwai kuma maganar da mu kan ji a gidaje, wai ciwon daji in ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Mun san inda ta samo asali. Mutum ya zo a makare, aka buɗe shi aka tarar abin ya riga ya cika ƙirji, aka rufe, bayan wata biyu ya rasu, dangi suka ɗora wa wuƙa laifi. Alhali cutar ta bazu tun kafin a wasa wuƙar. Likitan zamanin nan ba ya buɗe mutum sai ya auna inda cutar ta tsaya da hotuna, ya duba kaluluwa, ya sa majinyaci ya busa cikin na'ura a ga ƙarfin numfashinsa, ya gwada zuciyarsa, wani lokaci har ya sa shi hawan bene. In bayan wannan duka ya ce za a yi aiki, albishir ne, yana nufin akwai begen warkewa. Kuma wanda ya bar taba ko da makonni huɗu ne kafin ranar aiki, ya rage wa kansa haɗarin ciwon ƙirji bayan aikin.

Wani abu daga labarin Sarki Joji ya tsaya mana a rai. Ba a gaya masa sunan cutarsa ba, an ce masa dai bututun iska ne ya toshe. A wancan zamani abin yana da ɗan uzuri, tun da aikin iri ɗaya ne, babu zaɓin da za a ba shi. Yau Turawa sun bar wannan hali, mu kuwa muna riƙe da shi: 'ya'ya su ja likita gefe su ce kada a gaya wa Baba. Tausayi ne, mun sani. Amma yanzu akwai abin zaɓa. Ko a cire sashe a rage tsoron komowar cutar, ko a cire yanki a bar numfashi, ko a yi gashi a kauce wa tiyata, ko a fara da magani. Manomi mai noma da hannunsa da akawu mai zama a kujera ba lalle su zaɓi abu ɗaya ba, kuma ba wanda ya san abin da mutum zai iya jurewa kamar shi kansa. Wanda ba a gaya masa ba, an zaɓar masa ke nan bai sani ba.

Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara goma sha takwas ba, ta kuma hana sayar da ita kara kara. Duk wanda ya bi ta tasha da dare ya san yadda dokar ta ke a teburin mai kaya. Malaman makaranta su ne suka fi kowa sanin yaran da suka fara, ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa su ke da ikon duba kasuwa. Tsakanin karan farko da tarin farko yakan ɗauki shekara ashirin zuwa talatin, saboda haka yaron da ya saya bana, likitan da zai duba hotonsa watakila yanzu yana aji ɗaya da shi. Shi kansa Price Thomas, wanda aka ba lambar girma saboda aikin Sarki, mashayin taba ne, daga baya cutar ta kama shi. Tasa an gano ta da sauran lokaci, aka cire masa sashe guda na huhu, ya rayu har 1973.